Kyan Fiji: na Allah ne ko na masu otal?

Mai Lambu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu cigiyata, ga ni na dawo. Mako uku na yi a Fiji wajen wani horo kan hana zaizayar ƙasa, kuma har yanzu barcina bai daidaita ba, don sun riga mu da awa 11. Hotunan da na turo jiya su suka sa Hajiya ta ce sai na zo na yi bayani, to bismillah. Hoton farko, mai kwakwa a jere da ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, sunan wurin Denarau, kusa da garin Nadi inda babban filin jirginsu yake. Kowa ya yi ta cewa masha Allah. Ni ma na faɗa, amma ku sani wurin nan asalinsa fadama ce ta itatuwan bakin teku, irin masu saiwa a waje ɗin nan da ake gani a yankin Neja Dalta, su suna ce musu tiri. Sare su aka yi, aka cike wurin da ƙasa, tun daga shekarun 1970 ake ta jera otal-otal har da filin wasan golf. Hoto na bakwai kuwa, wanda ba wanda ya tanka masa, layin ciyawa ne a gefen wani tudu a gonar rake. A wurina shi ya fi duk sauran tsari. A nan nake so mu yi magana.

Hajiya Mai Fure: Wa alaikumus salam, sannu da hanya Malam. Amma tsakani da Allah, ka keta duniya tun daga Kaduna har tsakiyar tekun Fasifik, ka dawo kana yaba mana ciyawa? Ni hoto na uku ne ya tafi da ni, mai furannin nan da ke rataye.

Mai Lambu: Hajiya wancan lambun okid ne a gindin duwatsun Sabeto, arewa da Nadi. Suna kiransa lambun ƙaton da ke barci, don in ka hango dutsen daga nesa kamar mutum ne ya yi rigingine. Wani ɗan fim na Hollywood ne ya kafa shi a 1977 don ya ajiye furanninsa. Ban ƙi shi ba. Abin da ma ya burge ni a can, ba su baje tudun ba, hanyar katako suka yi tana bin yadda ƙasar take, ta ratsa ƙarƙashin manyan itatuwa ta wuce kududdufai. Wanda ya tsara shi ya ji tsoron dutsen.

Injiniya: Barka da dawowa Malam. Ni fa ban yarda da wannan rabe-raben naka ba, wai wannan na Allah ne wancan na lebura. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, a 2023 baƙi fiye da 900,000 suka shige ta. Kusan kowane ɗan ƙasa da baƙonsa ke nan. Me suka zo gani? Fadama mai sauro? Denarau ɗin da kake kushewa ita ke biyan albashin direbobi da masu girki da masu yankan ciyawar. Tsara wuri ai don mutane ake yi, kuma mai biya shi ke zaɓar launi.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in katse ku, Nadi ake cewa ko Nandi? Na ji wani mai labarai yana cewa Nandi.

Mai Lambu: Nandi ake furtawa, Maman Ilham. A rubutunsu harafin d yana ɗauke da n a gabansa, g kuma ng ce. Shi ya sa Sigatoka ake cewa Singatoka. Akwai wani irin itacen bakin teku da suke rubuta sunansa dogo, na yi murna na ce ga Hausa a Fiji, ashe ndongo ne. Dariya suka yi ta yi mini.

Injiniya, ban ce a rushe otal ba. Ka bari in gaya maka yadda ƙasar take tukuna, sai ka ga inda na dosa. Tsibiransu sun haura 330, waɗanda ake zaune a kai wajen 110. Babban cikinsu Viti Levu, tsakiyarsa duwatsu ne, mafi tsawo Tomanivi, mita 1,324. Iska mai ɗauke da ruwa daga kudu maso gabas take busowa, ta daki duwatsun ta zubar da ruwanta a gefen Suva, babban birni. Suva tana samun wajen milimita 3,000 a shekara. Ka tsallaka yamma wajen Nadi da Lautoka da garin Ba, ruwan ya ragu sosai, ga rani sosai da sosai, tuddai sun bushe sun yi ja kamar kana hanyar Zariya a watan Fabrairu. Suna da suna ga irin wannan ƙasar, talasiga, wato wadda rana ta ƙone. To a wannan gefen busasshen aka fi jera otal-otal, don baƙo ba ya son ruwan sama. Sai a kawo masa koren gefen Suva da bututu da famfo. Ka ga hoton ya haɗa rana ta yamma da ciyawar gabas, abin da ƙasar kanta ba ta haɗa ba.

Injiniya: To ai wannan shi ne gwaninta. Da ƙasa za ta ba ka komai da kanta, da ni da kai mun rasa aikin yi.

Baba Tsohon Soja: Salamu alaikum yara. Ina karanta ku. Ni ban taɓa zuwa Fiji ba amma na zauna da mutanenta. A Lebanon muka haɗu, aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fara a 1978, bataliyarmu da tasu duk muna kudu. Ƙarti ne majiya ƙarfi, ga fara'a, ga waƙa da daddare. Abin da ban manta ba, ko a sansani sai ka ga sun share gaban tantinsu sun jera duwatsu sun shafa musu farar ƙasa, sun dasa ɗan abin da suka samu a gwangwani. Wani sajan nasu ya ce mini kakanninsu daga Afirka suka taso, wajen tafkin Tanganyika. Kuma in ka dube su ba ka musu.

Ɗalibar Tarihi: Baba Allah ya ƙara girma. Labarin nan na Tanganyika sananne ne a can, har yara suna tashi da shi, amma masu binciken tarihi ba su karɓe shi ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin 'yan mishan, ya bazu. Abin da ƙasa ta nuna shi ne mutanen farko sun iso wajen shekara 3,000 da suka wuce daga yamma, ta tsibiran da ke kusa da Niugini, asalinsu kuma yana komawa kudu maso gabashin Asiya. Ana gane su da irin tukwanensu masu zane, ana ce musu Lapita. Malam, in ka je tuddan yashin Sigatoka ai ka ga wurin da ake tono su.

Baba Tsohon Soja: To 'yata, na ji. Amma sajan ɗin nan da ya ji ki da ba ku rabu da daɗi ba.

Mai Lambu: Na je, Ɗaliba. Tuddan yashi ne a bakin kogin Sigatoka, hekta 650, wasu sun kai mita 60. Shi ne gandun ƙasa na farko da suka keɓe, a 1989. Iska tana kwashe yashin tana tono fasassun tukwane da ƙasusuwan mutanen da. Na hau ɗaya da rana tsaka ba takalmin kirki, ban ba kowa shawarar ya kwaikwaye ni ba. Yashin ma ba fari ba ne, toka-toka ne. Can ba abin da aka ƙara sai 'yan hanyoyin ƙafa da alamomi, kuma ya ishe shi.

Na Damagaram: Malam Mai Lambu, ka bar mu a rataye. Ciyawar hoto na bakwai, na ƙura mata ido tun jiya. In ba idona ke yaudarata ba, wannan ai jema ce.

Mai Lambu: Allah ya biya ka, Na Damagaram! Ita ce, ko in ce 'yar'uwarta. Tamu ta fadamun Afirka ce, wadda ake zana da ita, mata kuma suna jefa saiwarta a randa don ƙamshi. Tasu daga Indiya aka kawo ta. Bambancin da ya fi muhimmanci, irin da suke dasawa ba ya yaɗuwa ta iri, inda ka dasa shi nan zai tsaya, sai dai ka tsaga gindi ka ƙara dasawa. Tun shekarun 1950 kamfanin sukari ya sa manoman rake da ke noma a gangare su dasa ta layi-layi a gicciye, bisa kwanciyar tudu. Saiwarta ba ta tafiya gefe, ƙasa take nitsawa, tana iya kai mita 3. In ruwa ya gangaro da laka sai ya tarar da katangar ciyawa, ruwan ya tace ya wuce a hankali, lakar ta kwanta. Shekara da shekaru lakar nan tana taruwa har gangaren ya koma hawa-hawa kamar matakala, ba tifa ba siminti. Wani masanin noma da ya ga aikinta a Fiji, John Greenfield, shi ya yi ta yaɗa ta a duniya lokacin da yake aiki da Bankin Duniya a shekarun 1980. Na tsaya a gindin wani tsohon layi, ƙasar da ta taru a bayansa ta kai mini ƙugu. In wannan ba tsara fili ba ne, ban san me ake kira tsara fili ba.

Na Damagaram: Ikon Allah. Mu nan muna kallonta abin zana da turaren ruwa kawai.

Hajiya Mai Fure: Na ji, tana da amfani. Amma amfani daban kyau daban, Malam. Tabarya ma tana da amfani, ba wanda ke rataye ta a falo. Ni fure nake sayarwa shekara 14, na san abin da ke sa mutum ya tsaya ya buɗe baki. Wane fure ne nasu na kansu?

Mai Lambu: Akwai wanda za ki so, kuma shi ne zai ba ki haushi. Sunansa tagimoucia, ja ne da fari a tsakiya, yana saukowa a reshe kamar 'yan kunne, har a takardar kuɗinsu ta dala 50 an sa shi. A saman duwatsun tsibirin Taveuni yake, kusa da wani tafki mai sunansa, inda hazo ba ya ɗagawa. An sha ƙoƙarin sauko da shi lambu, yana ƙi. Ba ya shiga tukunya, Hajiya.

Hajiya Mai Fure: Ka kawo mini shi ka gani in bai shiga ba.

Ɗan Zango: Gaisuwa daga Kumasi. Malam, a hoto na biyar akwai wata bishiya mai jan fure manya-manya a gefen hanya. Mu nan muna da ita a daji, yara suna matse ƙunshin furen ruwa ya fito suna fesa wa juna. Me ta je yi can?

Mai Lambu: Ɗan Zango ka taɓo inda ke yi musu ƙaiƙayi. Taku ce, daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya take. Don ado aka kai ta Fiji a shekarun 1930, saboda jan furen nan. Yau tana cikin manyan abokan gabar manomi a can. Irinta mara nauyi ne mai fiffike, iska ke ɗaukarsa. Manomi ya bar gonar gwaza ko rogo ta huta shekara biyu uku, ya dawo ya tarar da kurmi. Ya sare, ta tofo daga kututture da saiwa. Da suka ji daga Afirka nake, wani dattijo ya ce in taimaka in tafi da kayanmu. Hajiya, kin ga inda kyau kaɗai ke kai mutum.

Hajiya Mai Fure: Kar ka ɗora wa fure laifi. Laifin wanda ya ɗauko ne bai yi tambaya ba. Darbejiya ma ai baƙuwa ce daga Indiya, wa ya taɓa kuka da ita?

Ɗalibar Tarihi: Ba itace kaɗai ba. A 1883 an kai musu tunku daga Indiya don ya cinye ɓerayen gonar rake, sai ya koma kan tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa da ƙadangaru. Taveuni ta tsira don bai isa can ba, shi ya sa tsuntsayenta suka fi yawa. Raken kansa shi ya canja fuskar yammacin ƙasar gaba ɗaya. Turawan Ingila sun karɓi Fiji a 1874, daga 1879 zuwa 1916 suka kwaso 'yan ƙwadago wajen 60,000 daga Indiya. Jikokinsu ne mafi yawan manoman rake a yau, kuma a cikinsu ne Musulmin ƙasar suke. Saboda haka in an ce yanayin Fiji na asali, sai a tambaya na wace shekara.

Injiniya: Yawwa, Ɗaliba ta gama mini aiki. Jemar Malam baƙuwa, raken baƙo, manomin baƙo. To me ya sa hannun mai gonar rake halal ne, na mai otal haram?

Mai Lambu: Ban ce haram ba, kar ka sa mini magana a baki. Ma'aunina ɗaya ne, ranar da guguwa ta zo me aikin naka zai yi. Ranar 20 ga Fabrairun 2016 guguwar Winston ta faɗa musu, mutum 44 suka rasu, ƙauyuka da dama a tsibirin Koro ba abin da ya rage a tsaye. Ƙasar da ke ganin irin wannan, itacen tiri ba ƙazanta ba ne a wurinta. Saiwoyinsa ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gida, su ke riƙe laka kar ta je ta binne murjani, a cikinsu kifi da ƙaguwa ke hayayyafa. Ka sare shi ka zuba yashi, ka sami hoto, amma sai ka dawo kana gina katangar siminti, teku kuma tana cin ƙarƙashinta. Yanzu gwamnatinsu da kanta a ƙauyuka da yawa katanga mai hawa uku take yi: tiri a gaba cikin ruwa, manyan duwatsu a tsakiya, jema a baya tana riƙe ƙasa. Na ga ɗaya da idona, mata ne suka dasa ciyawar.

Injiniya: Wannan na yarda da shi, aikin hankali ne, kuma ya fi siminti araha. Amma ka lura akwai duwatsu a tsakiya. Katafila ce ta kawo su, ba addu'a ba.

Maman Ilham: Kai Injiniya, ba ka taɓa sauka gaba ɗaya.

Baba Tsohon Soja: Ni tambayata, filayen nan da ake ta cikewa na wa ne? A nan da an ce bakin ruwa ne mai kyau, kafin wata uku wani babba ya zagaye shi da katanga.

Mai Lambu: Baba ranka ya daɗe, nan ne suka sha bamban da wurare da yawa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar Fiji mallakar dangogin 'yan asalin ƙasar ne, iTaukei, kuma ba a sayar da ita. Haya kawai ake bayarwa, mafi tsawo shekara 99, ta hannun wata hukuma da aka kafa a 1940 da jagorancin wani babban basarakensu, Ratu Sukuna. Ko ruwan da ke zubowa daga dutse za ka je kallo, sau da yawa na wani ƙauye ne. Al'ada ita ce ka je wa sarkin ƙauye da saiwar yaqona, wani tsiro da suke jiƙawa su sha, a matsayin gaisuwa, kamar yadda muke kai goro, suna kiran wannan al'ada sevusevu. A Taveuni mutanen Bouma sun ƙi ba da dajinsu ga masu yankan katako, suka mai da shi gandu a 1990, suna karɓar kuɗin shiga daga masu zuwa ganin magangarar ruwan Tavoro. Amma kar in yi muku ƙarya in ce komai lafiya. A tsibirin Malolo wani kamfanin waje ya haƙa hanyar jirgin ruwa ta cikin murjani da tiri ba izini, sai da masu wasan hawa igiyar ruwa suka tona shi, kotu ta ci shi tarar dala miliyan 1 ta Fiji a 2022. Tarar ba ta mai da murjanin ba.

Ɗalibar Tarihi: Har lambun gwamnati na Suva ma akwai irin wannan labarin a ƙarƙashinsa. Lambun Thurston, wanda aka buɗe a wurin a 1913, inda gidan tarihinsu yake, a kan kufan tsohon garin mutanen Suva aka shimfiɗa shi. Da aka dawo da babban birni daga Levuka a 1882 sai aka matsar da masu wurin zuwa Suvavou, wato sabuwar Suva.

Mai Lambu: Na zauna a lambun nan na ci gyaɗa ban san haka ba. Na gode.

Hajiya Mai Fure: To su ƙauyukan fa, ya suke tsara nasu? Ko duk jema ce?

Mai Lambu: A'a Hajiya, nan za mu shirya da ke. Kowane ƙauye yana da fili a tsakiya, rara, an yanke ciyawarsa tas, gidaje suna kewaye da shi, coci da gidan sarki a wuri mafi daraja. Kamar dandali ko ƙofar fada a wurinmu, sai dai kore ne. Gefen gidaje kuma fure ne ja da rawaya da fari, maza da mata suna soke shi a bayan kunne. Amma a tsakanin furen za ki ga kwakwa da ayaba da gwanda da itacen uto mai 'ya'ya kamar burodi da ganyen magani. Ba su raba na ci da na kallo ba. Na je Navala a duwatsun Ba, ƙauyen da ya riƙe ɗakunan ciyawa har yau, wajen 200, a jere layi-layi, duwatsu a bayansu. Ba zanen wani ɗan boko a ciki.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne Vunidogoloa a tsibirin Vanua Levu. Teku ta yi ta cin ƙauyen, katangar da aka yi musu ta gaza, a 2014 suka tashi gaba ɗaya suka koma tudu wajen kilomita 2 daga bakin ruwa, gidaje 30 sababbi. Masunta suka koma noman abarba da kiwon kifi a kududdufi. Ban je can ba, wani abokin karatunmu ɗan yankin ne ya ba mu labari, ya ce abin da ya fi yi wa tsofaffi ciwo maƙabarta ce, sai da aka kwashe ta ita ma.

Baba Tsohon Soja: Innalillahi. Tashi daga kufan uba ba wasa ba ne.

Injiniya: Allah ya kyauta. Amma Malam, kafin a rufe, kai da kanka a ina ka sauka da ka isa Nadi?

Mai Lambu: Kwana biyu a Denarau, masu horon ne suka biya.

Injiniya: Ka yi barci?

Mai Lambu: Kamar gawa.

Maman Ilham: Shi ke nan, Injiniya zai kwana da farin ciki.

Na Damagaram: Ku bar wannan. Malam, tamu jemar tana yin aikin tasu ko sai an nemo ta Indiya? Akwai wani kwazazzabo a bayan gonar yayana, kowace damina sai ya ci taku uku.

Mai Lambu: Tana yi, an gwada ta a Najeriya ta riƙe ƙasa. Sai dai tamu tana zubar da iri, sai ka riƙa yanke kanta kafin ya nuna. Ka tsaga gindi, kara biyu uku a kowane rami, tazarar tafin hannu tsakaninsu, ka bi kwanciyar ƙasa a gicciye, ka fara daga saman kwazazzabon ba daga cikinsa ba. Farkon damina za ka dasa, kuma ka tsare ta daga awaki wata biyu na farko. Ka turo mini hoton wurin ta akwatina in ga zurfinsa.

Hajiya Mai Fure: In ta yi yawa a ajiye mini saiwar, randata ta daɗe ba ta ji ƙamshi ba.